Usur ɗin Baba Gyaran-Murya

A duk 'yan sintirin unguwar babu wanda ake jin zuwansa tun daga nesa kamar Baba Gyaran-Murya. Da farko za ka ji gyaran muryar da ta ja masa sunan, mai kauri, kamar ana jan buhu a kan siminti. Sannan ka ji sandarsa tana bin ƙofofin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, sannan usur. Sai an gama duk wannan shagali shi kansa zai ɓullo daga kwana, gajere, da tumbinsa a gaba, cikin rigar nan mai ƙyalli da 'yan sanda suka raba wa 'yan sa-kai. Tun ranar da aka ba shi rigar ba ta taɓa rufuwa a kan cikinsa ba, shi kuma bai taɓa fita ba tare da ita ba.

Da can masinja ne a wani ofis. Ya yi ta hawa bene da sauka da fayil a hammata har gwiwoyinsa suka fara ƙara, aka zo rage ma'aikata aka haɗa da shi. A daidai lokacin ne sata ta addabi unguwa, 'yan sanda kuma ba su da yawa, motarsu ɗaya, ita ma ta fi zama a kan dutse fiye da kan taya. Sai aka ce duk mai so ya zo ya ba da sunansa, a riƙa zagaye, wanda aka kama a miƙa wa hukuma. Samari suka yi rububin aikin dare, don can ne ake riƙe tocila ana haska fuskar mutane ana shan shayi. Baba ya ce a bar masa rana. Ya ce ɓarawon dare ai tsohon yayi ne, ɓarawon gaske yana jira ne yara su tafi makaranta, manya su tafi nema, gidaje su zama fayau, sannan ya zo ya kwashi shanya, ya sungumi tukunyar gas, ya zari wayar da aka bari tana caji a bakin taga.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan yana wannan zagaye, kuma in ka tambayi kowane saurayi a layin zai gaya maka Baba bai taɓa kama ko ɓeran masai ba. Suna cewa shi ne kaɗai ɗan sintirin da ke yi wa ɓarawo sallama kafin ya iso. Wani ya ce ɓarayi da usur ɗinsa suke saita agogo. Baba ba ya jin haushi. Yakan ce shi ba kamun ɓarawo ya shiga ba, hana sata ya shiga, kuma duk mai musu ya je ya duba igiyar shanyar uwarsa ya gani ko akwai abin da ya ɓata.

Masu wannan dariyar yara ne, ba su san komai ba, kuma ba su tambaya. Manyan layin sun san Baba ya taɓa kama ɓarawo, shi ya sa su ba sa dariyar da ƙarfi.

A shekararsa ta farko ne. Lokacin yana ji da kansa, yana tafiya a saɗaɗe kamar kyanwa, har takalmi yake cirewa in zai sha kwana. Wata rana da hantsi ya ga wani matashi yana durowa daga katanga da dutsen guga a hannu. Ya lallaɓa ya cafki wuyan rigarsa, ya buɗe baki ya kwarma ihun ɓarawo da dukkan ƙarfinsa. Layin da yake rantsuwa babu kowa a cikinsa sai ga shi ya cika, mutane na fitowa ta ko'ina da taɓarya da itace da bulo. Baba na riƙe da rigar yaron aka sauke dukan farko, kuma bai saki ba, don ya ɗauka aikinsa ke nan. Kafin 'yan sanda su iso an karya ƙafar yaron wuri biyu. Dutsen gugar kuwa, da mai shi ta zo ta duba, sai ta ce dama ya ƙone, ta ajiye shi ne a bayan gida don ta jefar.

Abin ya tsaya wa Baba a rai, ya ƙi wucewa. Washegari ya fito zagaye da takalmansa a ƙafa, ya iso kwana ya yi gyaran murya, bai kuma daina ba har yau. Yaron ya warke da ɗingishi, ya koyi gyaran takalma, ya kafa akwatinsa a bakin layin ƙarƙashin wata rumfar kwano, inda yake zama da ƙafar a miƙe gefe guda don ba ta lanƙwasuwa. Yanzu shi ma magidanci ne, kowa Mai Takalma yake ce masa. Wurinsa Baba ke kai gyara. Suna hira kan tsadar fata da ciwon gwiwa da rashin kunyar yaran zamani. Maganar katanga da dutsen guga kuwa, ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba.

Ana nan sai aka kawo sabon Sufeto ofishin 'yan sandan yankin. Matashi ne mai ladabi, irin wanda ke miƙewa tsaye in tsoho ya shigo, abin da ya sa ma faɗa da shi ke da wuya. Ya tara 'yan sintiri a inuwar bishiyar da ke farfajiyar ofis ya yi musu bayani a natse. Ya ce riguna da usur ba su da yawa, ga sababbin matasa na son shiga, shi kuma manyansa suna tambayarsa mutum nawa aka kawo. Don haka duk wanda bai taɓa kawo kowa ba, in wata ya ƙare bai kawo ba, ya yi haƙuri ya dawo da kayan hukuma. Bai dubi kowa ba da yake maganar, amma duk wanda ke wurin ya dubi mutum ɗaya.

Baba ya yi gyaran murya, aka kwashe da dariya tun kafin ya ce uffan. Ya dai daure ya faɗi maganarsa ta kullum, ta hana sata da igiyar shanya. Sufeto ya saurare shi har ƙarshe.

"Baba, na yarda layinku lafiya lau," in ji shi. "Amma ɓarawon da ka kora ba gidansu yake komawa ba. Layin baya yake zagayawa. Su ne suka kawo min ƙararka, sun ce kai kake koro musu ɓarayi kamar awaki."

Gaskiya ce, kuma Baba ya daɗe da saninta. Ya tafi gida jikinsa a sanyaye, ya shiga har tsakar gida ba tare da an ji motsinsa ba. Ya tarar da matarsa ta miƙe ƙafafu a kan kujerarsa, ta ɗora ƙwaryar zare a kan rediyonsa, tana sauraron tashar da ya hana a kamo. Shekara da shekaru gyaran muryar nan ke ba ta damar kintsa komai kafin ya shigo. Ta zabura ta dafe ƙirji, ta tambaye shi ko wani ne ya mutu.

Da ya ba ta labari ta fi shi shiga damuwa, amma dalilinta daban. Ita ɗinki take yi a gida, kuma ba ta manta watannin da ya yi a zaune bayan an sallame shi daga aiki ba. Mutumin da ya saba jera fayil, sai ya koma jera mata zare daga mai duhu zuwa mai haske, ya shiga kicin ya sauya wa cokula wuri, ya tsaya a kanta yana gaya mata hannun rigar nan ya fi wancan tsawo. Mata masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa, don ba a iya gulma a gabansa. Ta rantse a ranta ba za ta sake ganin wannan rayuwar ba. In ɓarawo ake so, za a samo ɓarawo.

Ta aika aka kira ƙaninta, wanda ake ce wa Dogo, mai wanki da guga a bayan kasuwa. A hannunsu ya tashi tun yana ƙarami, kuma tsakaninsa da Baba babu abin da ke shiga sai tsokana. Ta shimfiɗa musu tsarin kamar tana yanka yadi. Dogo zai hauro ta katangar baya ta gidansu, ya ɗauki tukunyar gas ɗinta, ya hau katanga ya zauna yana jira. Baba zai zo ya riƙe shi, su taka salin-alin zuwa ofis. Ita kuma za ta biyo baya da mayafinta ta ce ƙaninta ne, shaiɗan ne ya zuga shi, ta yafe. Sufeto ya sami mutum ɗaya na gaya wa manyansa, Baba ya tsira da rigarsa, ita ta tsira da zarenta.

Dogo ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Daga yau mijin Yaya zai daina ba da labarin yadda shi Dogo, yana yaro, ya jiƙa tabarmar baƙi da fitsari ranar bikinsu, labarin da ya riga ya kore masa 'yan mata biyu. Baba ya ce wannan sharaɗi ya yi tsauri, labarin kaɗai ya rage masa na gado. Ya yi ta noƙewa, yana cewa shi bai taɓa yi wa hukuma ƙarya ba. Amma da ya ɗaga kai ya ga rigar a rataye a ƙusa, ya tuna gobe ba jibi ba wani yaro mai askin banza zai saka ta, sai zuciyarsa ta karye. Ya amince, shi ma da nasa sharaɗin: a yi abin lokacin da layi ya yi tsit, kuma kada kowa ya kuskura ya furta kalmar ɓarawo da ƙarfi.

Matsalar da ta rage ita ce Baban kansa. Suka gwada a tsakar gida, ya taho daga ƙofa zuwa rijiya a matsayin mai sanɗa, bai kai rabi ba maƙogwaronsa ya yi aikinsa. Aka sake, ya sake. Dogo ya faɗi a kan tabarma yana riƙe ciki. Daga ƙarshe matar ta ƙwace sandar ta jefa ƙarƙashin gado, ta sayo masa alewar tari ta ce ya jefa a baki kada ya tauna, ta cusa usur ɗin can ƙasan aljihun wandonsa ta danne da hankici.

Ranar da aka sa, bayan azahar, rana ta take, ko kaza ba ta motsi. Baba ya fito da alewa a kunci yana taka ƙasa a hankali. Bai taɓa sanin layinsu na da shiru haka ba, har yana jin ƙarar firijin mai shago ta cikin bango. Shirun bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Ya wuce rumfar Mai Takalma, wanda ya ɗago ya dube shi da mamaki, allura a baki, don bai ji zuwansa ba. Ya wuce famfon layi. Ya sha kwanar da ke kaiwa bayan gidansa.

Dogo na nan kan katanga kamar yadda aka tsara, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya rungume tukunyar gas, ya ba da baya yana kallon wani wajen. Abin da ba a tsara ba shi ne leburorin da ke aikin gini a kangon da ke fuskantar katangar. Ashe ranar suka dawo aiki, suna zaune a inuwa suna hutawa. Baba ya ga ɗaya ya taɓa ɗaya ya nuna masa katanga da haɓa. Ya ga na biyun ya ajiye kofin ruwansa. Ya ga na ukun ya miƙa hannu a hankali ya jawo shebur. Su baƙi ne a layin, ba su san Dogo ba, ba su san yayarsa ba, abin da suka gani mutum ne a kan katangar mutane da kayan mutane.

Baba bai san lokacin da ya haɗiye alewar ba. Hannunsa ya shiga aljihu, hankici ya yi waje, ya busa usur ɗin nan busar da bai taɓa yi ba tun da aka ba shi, har tantabarun gidan maƙwabta suka tashi.

Shi kuwa Dogo, wannan usur ɗin ne ya raine shi. Shi ya kore shi daga kan bishiyar gwaibar mutane, shi ya sa ya sha jefar da guntun taba a bayan makaranta. Kansa ya san an shirya ya zauna a kama shi, amma ƙafafunsa ba su halarci taron ba. Ya saki tukunyar ta faɗa cikin gida, aka ji ta dira a bahon da yayarsa ta jiƙa yadin mutane, aka kuma ji salatin yayar. Shi kuma ya diro waje ya ranta a na kare. Kafin mai shebur ya gama miƙewa Dogo ya wuce layi biyu, bai bar komai ba sai silifa ɗaya mai tsinkakken hanci a gindin katanga.

Leburorin suka ƙaraso suna yi wa Baba sannu, suna cewa ai da bai yi saurin busawa ba da sun kama masa shi. Ya ce musu haka ne, tsufa ne. Matarsa ta leƙo ta saman katanga, ɗankwali a karkace, ruwan bula na ɗiga daga haɓarta, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mutumin da aka ɗaure masa ɓarawo a kan katanga ya kore shi da bakinsa ba. Ta ɗauka sabo ne ya ci ƙarfinsa. Baba bai gyara mata ba.

Ya tsinci silifar ya nufi bakin layi. Mai Takalma ya riga ya ga wucewar Dogo kamar iska, da ƙafa ɗaya ba takalmi, ya kuma ji usur, ya haɗa lissafinsa. Da Baba ya zauna a kan benci ya ba shi sauran labarin, ya yi dariya har ya ajiye allura yana share hawaye da bayan hannu. Ya karɓi silifar ya juya ta, ya soma zura mata zare. Can, ba tare da ya ɗago ba, ya yi magana.

"Baba, kuskurenku ɗaya, kun zaɓi ɓarawo mai ƙafa. Ga ni nan zaune. Ni ko za ka busa usur har gobe ba inda za ni. Ka riƙe ni mu je, ai sun san ni a can tun da."

Da wasa ya faɗa, amma da gaske yake, kuma dukansu sun sani. Wannan ne karo na farko da maganar ta fito fili tsakaninsu. Baba ya dubi ƙafar nan da ke miƙe gefe guda, wadda kullum yake kauce wa kallonta. Kunya da ƙauna suka taru masa, ya nemi gyaran muryar ya rasa.

"Sau ɗaya ya isa," in ji shi.

Mai Takalma ya ciji zare, ya miƙa masa silifar Dogo, sannan ya nuna takalman Baba da tsinin allura ya ce ƙasansu ya cinye, ya aiko masa da su gobe.

Baba bai jira ƙarshen wata ba. Matarsa ta wanke rigar ta goge ta, tana gugar tana mita, amma sai da ta bi kowane ɗinki ta gyara inda ya saki. Ya naɗe ta, ya ɗora usur a kai, ya kai ofis. Sufeto ya miƙe tsaye ya karɓa da hannu biyu, ya yi masa godiyar da ta fito daga zuciya, har ya ce in ana taron dattawa za a riƙa kiransa. Baba ya ce ya gode. Ya fito farfajiya cikin riga irin ta kowa, ya ji kamar ya fito ba wando.

Kwanakin da suka biyo baya gidan bai zaunu ba. Ya jera zare, ya sauya wa cokula wuri, ya gano cewa tsintsiyar gidan ba a inda ya kamata take kwana ba. Dogo ya zo karɓar silifarsa, Baba ya ce tun da ba a kama shi ba yarjejeniya ta rushe, ya kuma ba da labarin tabarmar baƙi daga farko a gaban wata budurwa da ta kawo ɗinki. Da abin ya ishi matar, ta ce masa don Allah ya je ya karɓo takalmansa, in ya so ya daɗe.

Ya tarar an gama su, an shafa musu mai suna sheƙi. Da ya ɗaga sai ya ji sun yi nauyi. Ya juya su, ya ga an buga musu ƙarfe a dunduniya da kuma a goshi, irin faffaɗan nan mai kama da kofaton doki. Ya ce shi bai ce a sa masa wannan ba. Mai Takalma ya ce roba ba ta ƙarko yanzu, ƙarfe ya fi, kuma shi bai ji an kafa dokar hana tsoho yawo a layinsu ba. Yana faɗa yana ta bugun wani takalmin, fuskarsa kamar ba shi ba.

Baba ya saka su ya miƙe. Ya taka kan simintin da ya rufe kwata, ya ji ƙwas. Ya sake takawa, ƙarar ta bugi ƙofar ƙarfen da ke tsallake ta dawo. Gidansa na hannun dama, amma ya bi hagu, hanyar da ƙafafunsa suka sani. A cikin gida matarsa ta jiyo ƙwas-ƙwas ɗin tana nisa, ta saki ajiyar zuciya, ta mayar da ƙafafunta kan kujerarsa.

Ya wuce shago, ya wuce famfo, bai tsaya inda ya saba juyawa ba, ya miƙe har layin baya, na waɗanda suka kai ƙararsa. Yana gab da kwanar sai ya ji wani abu ya diro daga katanga, tim, sai ƙarar bokiti da ya kife, sai sawun gudu. Baba ya rage tafiya. Ya tsaya ya cire hularsa, ya karkaɗe ta, ya duba cikinta da kyau kamar ya ajiye wani abu a ciki, ya mayar. Sai da sawun ya ɓace gaba ɗaya sannan ya yi gyaran murya ya sha kwana.